Wai Harmonika Abin Wasan Yara Ce?

Mun sha jin waɗansu masu ganin sun waye suna cewa wai harmonika, 'yar abar busan nan da a ke kangawa a baki, ba ta cikin kayan kiɗa na kirki, abin wasa ce ta yara da 'yan zaman banza. In ka tambaye su dalili sai su ce ai araha gare ta, aljihu ma ya ishe ta, ba a kuwa zuwa makaranta don a koye ta. To, ku 'yan makaranta, mu dai ba mu yarda da wannan magana ba, muna kuwa so ku ji dalilinmu tun ba ku koyi halin auna abu da kuɗinsa ba.

A cikin shekara ta 1857 wani maƙerin agogo, Matthias Hohner, ya fara ƙera ta a garin Trossingen na ƙasar Jamus. Irin wadda aka fi sani ramuka 10 gare ta, kowane rami da 'yan harsuna biyu na tagulla. In ka hura, ɗaya ya yi kuka, in ka zuƙa, ɗayan ya amsa. Don waƙoƙin mutanen Jamus aka tsara ta, saboda haka akwai waɗansu muryoyi da ba a sa mata ba.

Da fatauci ya kai ta Amurka, sai ta faɗa hannun baƙaƙen fata na kudancin ƙasar, jikokin bayi, manoman auduga da leburorin hanyar jirgi. Ina su ina kuɗin fiyano? Amma wannan kowa na iya saye, ya sa a aljihu ya tafi gona, da yamma ya zauna ƙofar gida ya busa, maƙwabta su taru a yi rawa. Arahar da a ke yi mata gori da ita, ai ita ce ta kai ta inda gwanayenta su ke. Su ne suka gane cewa in mutum ya janye harshensa, ya sāke zaman maƙogwaronsa sa'ad da ya ke zuƙa, muryar sai ta lanƙwasa ta yi ƙasa, har muryoyin nan da maƙera ba su sa ba su fito. Ba wani littafi da ya koya musu. Da haka suka sa ta kuka kamar mutum, ta yi haushin karnukan farauta, ta yi jiniyar jirgin ƙasa da ƙugin tafiyarsa. Yanzu don Allah, wa ya fi sanin abin, wanda ya ƙera ko wanda ya tono abin da maƙerin bai san yana ciki ba?

Ku dubi DeFord Bailey, wanda aka haifa a Tennessee cikin 1899. Yana shekara 3 shan inna ya kwantar da shi, yana kwance yana sauraron jiragen da ke wucewa, yana kwaikwayonsu da harmonika. Da ya girma ya zama ɗaya daga cikin fitattun masu wasa a shirin rediyon Grand Ole Opry na birnin Nashville. A 1941 aka sallame shi, ya koma goge takalma. Ya rasu a 1982, ba a sa sunansa cikin zauren tunawa da gwanayen kiɗan ƙauyen Amurka ba sai 2005. Wannan aikin raini ne, irin wanda mu ke magana a kai.

Masu rainin nan su kan yi shiru in aka gaya musu cewa Vaughan Williams, babban mai tsara kiɗa na Ingila, ya tsara wa Larry Adler kiɗan harmonika, aka busa shi a London cikin 1952 gaban manyan mutane. Shirun nan nasu ya fi maganarsu ba mu haushi. Watau ba su ji daɗinta a bakin manomin auduga ba, sai da suka ji an shigar da ita babban zaure sa'an nan ta zama abin kirki? Ashe ba da kunne su ke sauraro ba, tufafin mai busa su ke kallo.

Mun yarda, yaro sabon koyo ya kan dami gida da ita, har uwarsa ta ɓoye ta. Amma wane abin busa ne ba ya damun mutane a bakin ɗan koyo? Ku tambayi maƙwabcin mai koyon algaita.