A Ba Tsofaffin Malamai Fili

Ya Edita,

Ina roƙon ku ware wa tsofaffin malaman makaranta shafi, irin malaminmu na Turanci da ya yi ritaya a nan Zariya.

Koyarwa ta kai shi Yamai da Kumasi, har Wad Madani ya zauna. Duk garin da ya sauka kasuwa yake fara nufa, don a wurin ciniki yake kama harshe. Da haka ya iya Zabarmanci da Faransanci da Larabcin Sudan. Ni dai yininsa ne ya fi burge ni. Bayan asuba yana ba zogalensa ruwa, da hantsi yana wajen tattabaru, da yamma yaran unguwa sun kewaye shi suna koyon rubuta wasiƙa. Ranar Juma'a da kansa yake dafa shinkafa da wake irin na Gana, kuma wallahi da daɗi. Shirin Hausa na BBC, wanda aka fara a 1957, ba ya wuce shi.

Don Allah ku turo wakili ya zanta da shi.

Naku,
Tsohon ɗalibi, Zariya