Auren mace ɗaya a cocin Katolika: wa zai ɗauki nauyin matan da aka sallama?

Ranar 25 ga watan Nuwamba 2025, fadar Vatikan ta fitar da wata takarda mai suna "Una caro", wato "jiki ɗaya" a harshen Latin, bayan Fafaroma Leo na 14 ya amince da ita. Ofishin da ke kula da aƙidar cocin, ƙarƙashin Kadinal Víctor Manuel Fernández, shi ne ya rubuta ta. Saƙonta shi ne aure a wurin mabiya Katolika haɗuwar namiji ɗaya ce da mace ɗaya, ba na uku a tsakani. Daga cikin dalilan da fadar ta bayar na fitar da takardar akwai tattaunawar da ta daɗe tana yi da bishop-bishop na Afirka kan auren mata fiye da ɗaya, da kuma yaɗuwar zaman soyayya da mutane da yawa lokaci guda a ƙasashen Yamma.

Babu wani sabon hukunci a cikin takardar, domin wannan ita ce koyarwar cocin tun fil azal. Abin da ya sa ta ja hankali a Afirka shi ne wata tambaya da ta fi ƙarni guda tana damun majami'u: idan magidanci mai mata biyu ko uku ya karɓi addinin Kirista ya nemi a yi masa baftisma, wato wankan shiga addinin, ina makomar sauran matan da ƴaƴansu?

Abin da alƙaluma ke nunawa

Mutane da yawa a Nijar na ɗaukar cewa zama da kishiya al'amarin Musulmi ne kaɗai. Binciken da cibiyar Pew ta Amurka ta wallafa a watan Disamba 2019 ya nuna ba haka ba ne. A cewar binciken, kashi 11 cikin 100 na mutanen Afirka kudu da hamadar Sahara suna zaune ne a gidajen da ake da mata fiye da ɗaya. A Burkina Faso adadin ya kai kashi 36, a Mali 34, a Nijar 29, a Najeriya 28.

Idan aka dubi Kiristoci su kaɗai, kusan ɗaya cikin huɗu na Kiristocin Burkina Faso, wato kashi 24, a irin waɗannan gidaje suke. A Chadi ma Kiristoci sun fi Musulmi yawa a wannan tsari, kashi 21 a kan kashi 10. A Najeriya kashi 8 ne na Kiristoci.

A Nijar Kiristoci ba su kai kashi 1 cikin 100 ba bisa ƙidayar 2012, amma batun ya shafe su kai tsaye. Bishop-bishop ɗin Katolika na Yamai da Maraɗi suna zaune ne a majalisa ɗaya da takwarorinsu na Burkina Faso, don haka duk tsarin da aka amince da shi a Wagadugu zai iso Maraɗi da Damagaram. Sannan Kiristocin ƙasar suna rayuwa ne cikin dangi da unguwanni inda ƙarin aure abu ne na yau da kullum, kuma inda rashin haihuwa ko rashin ɗa namiji kan sa dangi su matsa wa miji lamba ya ƙaro mata.

Tushen koyarwar

Majami'u suna kafa hujja da labarin halittar Adamu da Hawwa'u a Littafin Farawa, da maganar Yesu Almasihu kan aure da saki a babi na 19 na Linjilar Matiyu, da kuma wasiƙar Bulus ta farko zuwa ga Timoti, inda aka shardanta wa shugaban ikilisiya ya kasance mijin mace ɗaya. Masu neman sassauci kuwa suna nuni da Tsohon Alkawari, inda Ibrahim da Yakubu da Dauda da Sulemanu duk suka zauna da mata fiye da ɗaya. Amsar da manyan majami'u ke ba su ita ce an ƙyale hakan ne a wancan zamani, amma Sabon Alkawari ya mayar da aure kan asalinsa.

A cocin Katolika, aure tsakanin masu baftisma biyu ibada ce mai tsarki, ba yarjejeniyar dangi kawai ba. Shi ya sa hukuncin yake taɓa ibadar mutum ta kowace Lahadi. Ɗan Katolika da ya ƙara mata a kan matarsa ta coci ba ya karɓar jibin Ubangiji, wato gurasar da ake rabawa a tsakiyar sujada. Yana iya zuwa majami'a, ya yi waƙa, ya ba da baiko, amma idan aka tashi layin karɓar jibi sai ya zauna a kujerarsa, kowa yana gani. Haka ita ma matar ta biyu.

Ga wanda ya shigo addinin da matansa kuwa, sashe na 1148 na kundin dokokin cocin na 1983 ya tanadi cewa zai zauna da mace ɗaya ya rabu da sauran. Idan zama da uwargida zai yi masa wuya, yana iya zaɓar wata daga cikinsu. Sashen ya kuma ɗora wa bishop alhakin tabbatar da cewa an biya buƙatun matan da aka sallama bisa adalci da jinƙai. Littafin koyarwar cocin, a sakin layi na 2387, ya ce nauyi ne babba a kan irin wannan mutum ya ci gaba da sauke haƙƙin tsoffin matansa da ƴaƴansa.

Musulmi ba baƙi ba ne ga irin wannan mas'ala. Malaman fiƙihu sun yi bayanin hukuncin wanda ya musulunta da mata fiye da huɗu, bisa labarin Gailan ɗan Salama, mutumin Saƙif, wanda aka umarta ya zaɓi huɗu. Bambancin shi ne a wurin Kirista iyakar ɗaya ce, don haka matsalar tana faɗa wa gidaje masu yawa.

Inda gizo ke saƙar

A takarda, tanadin kula da matan da aka sallama ya yi kyau. A ƙauye kuwa lamarin gaba kura ne, baya sayaki. Macen da ta yi shekara ashirin a ɗakinta, ta haifi ƴaƴa shida, ba ta yi laifin komai ba, sai a wayi gari ta zama ba matar aure ba, ba bazawara ba. Idan ta koma gidan iyayenta, sau da yawa iyayen sun rasu, ƴan'uwanta maza kuma suna fama da nasu iyalin. Gonar da take nomawa ta miji ce. Ƴaƴa, a al'adar yawancin ƙabilun Sahel, na uba ne. Idan ta zauna a gidan a matsayin wadda ake ciyarwa kawai, ta rasa kwananta da darajarta a gaban kishiyar da aka zaɓa. Sannan damar da aka ba miji ya zaɓi wadda ba uwargida ba tana iya zama hanyar ajiye tsohuwa a riƙe amarya.

Wannan ne ya sa magidanta da yawa suke zaɓar su tsaya a bakin ƙofa. Suna halartar sujada shekara da shekaru a matsayin masu koyon addini, matansu da ƴaƴansu wani lokaci an yi musu baftisma, su kuwa sai a kan gadon mutuwa, ko bayan sauran matan sun rasu.

A Nijar akwai ƙarin matsala, domin har yau ƙasar ba ta da kundin dokar iyali guda ɗaya. Yunƙurin da aka yi a farkon shekarun 1990 da na 2011 duk sun ci tura bayan adawar ƙungiyoyin addinin Musulunci. Shari'o'in aure da saki da gado suna tafiya ne tsakanin al'ada, da fiƙihun Musulunci, da dokar farar hula da aka gada daga Faransa. Yarjejeniyar Maputo ta 2003 kan haƙƙin mata a Afirka, wadda ta fifita auren mace ɗaya amma ta nemi a kare haƙƙin matan da ke zaman kishi, majalisar dokokin Nijar ta ƙi amincewa da ita a 2006. Ke nan matar da aka sallama saboda sauyin addinin mijinta ba ta da wata doka bayyananniya da za ta riƙe, sai alherin mijin da sa idon limamin coci.

Yadda sauran majami'u suka yi

Ɗarikar Anglika ta sauya hanya. A taron bishop-bishop ɗinta na Lambeth a Ingila a 1888, an yanke cewa ba za a yi wa mai mata da yawa baftisma ba. Shekara ɗari daidai bayan haka, a taron 1988, bisa matsin bishop-bishop na Afirka, aka amince a yi masa tare da matansa da ƴaƴansa da suka ba da gaskiya. An gindaya sharuɗɗa: ba zai ƙara aure ba muddin ɗaya daga cikin matan tana raye, sai jama'ar majami'ar wurin sun yarda, kuma ba za a tilasta masa sakin kowace ba saboda wahalar da za ta shiga. Ɗarikar ba ta janye koyarwarta ta mace ɗaya ba, ta dai ƙi ɗora kuɗin tuban miji a kan mata.

Tun kafin nan, batun ya taimaka wajen haihuwar majami'u masu cin gashin kansu a Afirka. Ƴan Nijar mazauna Abijan sun san mabiya William Wadé Harris, mai wa'azi ɗan Laberiya da ya ratsa gaɓar tekun Kodebuwa tsakanin 1913 da 1915 yana yi wa dubban mutane baftisma ba tare da ya ce su saki matansu ba.

A yankin Hausa na Nijar, mishan ɗin SIM ne ya fara aiki, daga Damagaram a 1924, sannan Tsibiri kusa da Maraɗi, da asibitin Galmi da aka buɗe a 1950. Majami'un bishara da suka fito daga wannan tushe sun riƙe ƙa'idar mace ɗaya, musamman ga fasto da dattawan ikilisiya. Masaniyar tarihi Barbara Cooper, a littafinta na 2006 kan Kiristocin Maraɗi, ta nuna cewa aure da tsarin iyali suna cikin abubuwan da suka jawo saɓani tsakanin Turawan mishan da Hausawan da suka bi su.

Siyasar da ke bayan muhawarar

A watan Oktoba 2023, babban taron shawara na cocin Katolika a birnin Rum ya nemi SECAM, ƙungiyar majalisun bishop-bishop na Afirka da Madagaska, ta yi nazari kan yadda za a tafi da masu mata da yawa. Bayan wata biyu, ranar 18 ga Disamba 2023, Vatikan a zamanin Fafaroma Francis ta fitar da takardar da ta ba limamai damar sa albarka ga masu zaman jinsi ɗaya. Ranar 11 ga Janairu 2024, shugaban SECAM, Kadinal Fridolin Ambongo na Kinshasa, ya sanar cewa ba za a yi hakan a majami'un Afirka ba.

Wannan ƙin amincewa ya ɗaure hannun bishop-bishop ɗin Afirka ta wani ɓangare. Wanda ya ce wa Turai kada ta lanƙwasa koyarwar aure don ta dace da al'adarta, da wuya ya dawo ya nemi a lanƙwasa masa ita don tasa al'adar. Shi ya sa tun a taron Rum na Oktoba 2024 Ambongo ya jaddada cewa cocin Afirka na nan kan auren mace ɗaya, abin da ake nema shi ne hanyar rakiyar mutanen da ke cikin wannan hali. Ya kuma bambanta rukuni biyu: wanda ya ƙara aure bayan baftisma, da wanda addinin ya tarar da shi da matansa. An tattauna daftarin nazarin a babban taron SECAM na Kigali, daga 30 ga Yuli zuwa 4 ga Agusta 2025. Fitowar "Una caro" bayan ƴan watanni ta shata iyakar da nazarin ba zai tsallake ba.

Ƴan ci-rani a Turai sun ga makamancin wannan ta fuskar doka. Tun dokar Pasqua ta 1993, Faransa ba ta barin mutum ya shigo da mace fiye da ɗaya ta hanyar haɗa iyali, kuma iyalai da dama daga Afirka ta Yamma sun raba gida kafin a sabunta musu takardun zama. A can ma matan da aka fitar ne suka fi ɗanɗana kuɗarsu.

Abin da ya rage

Bisa dukkan alamu, cocin Katolika ba zai bi sawun Anglika ba a nan kusa. Amma tsugune ba ta ƙare ba, domin akwai abubuwan da bishop-bishop za su iya yankewa ba tare da sun taɓa aƙida ba. Za su iya fayyace matsayin mata ta biyu da ta ba da gaskiya alhali ba ita ta tsara auren ba. Za su iya mayar da tanadin sashe na 1148 ya zama yarjejeniya rubutacciya kan ɗaki da gona da kuɗin makarantar yara kafin a yi wa miji baftisma. Za su iya kafa asusun tallafa wa gwauraye mata, don kada talauci ya tilasta musu auren ƙanen miji mai iyali. Za su kuma iya ƙarfafa wa ma'auratan da ba su samu haihuwa ba, tunda daga nan ne matsin ƙarin aure yakan faro.

Adadin Kiristoci na ƙaruwa a Afirka fiye da kowace nahiya, kuma da yawa daga cikin sababbin masu shigowa daga karkara suke, inda gida mai mata biyu ba abin mamaki ba ne. Limamin da ke Dogon Dutse ko Birnin Ƙonni zai ci gaba da tarar da magidancin da ke neman baftisma da mata biyu a bayansa. Takardar Vatikan ta faɗa masa wadda coci zai kira matar aure a cikinsu. Inda ɗayar za ta kwana, da abin da za ta ci, wannan yana jiran majalisar bishop-bishop ta Burkina da Nijar.