Cutar mantuwa: Me ya sa sabbin magunguna ba sa dawo da tunani?

A shekarar 2023 ne hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da maganin Leqembi, sannan a 2024 ta amince da Kisunla, domin masu fama da cutar mantuwa ta Alzheimer a matakinta na farko.

Magungunan biyu na share wani furotin mai suna amiloyid da ke taruwa a ƙwaƙwalwa. Sai dai a gwajin watanni 18 da aka yi wa Leqembi, iyakacin abin da ya yi shi ne rage saurin taɓarɓarewar tunani da kashi 27 cikin ɗari. Abin da majinyaci ya riga ya manta bai dawo ba.

Masana da dama na ganin dalilin yana mahaɗar da ke tsakanin ƙwayoyin jijiya, inda saƙo ke tsallakawa daga wannan ƙwaya zuwa waccan. Tun farkon shekarun 1990 bincike ya nuna cewa rushewar waɗannan mahaɗai ta fi yawan amiloyid bayyana tsananin mantuwa.

Danƙon da ke riƙe mahaɗa

Wasu furotin masu aikin danƙo ne ke riƙe da ɓangarorin mahaɗar biyu. Akwai kadherin, wanda Masatoshi Takeichi na Japan ya gano, da nureksin, wanda Thomas Südhof da abokan aikinsa suka gano a 1992.

Aikinsu bai tsaya ga riƙo ba. Duk lokacin da mutum ya koyi sabon abu, wasu mahaɗai kan ƙara ƙarfi. A 1998, Erin Schuman da tawagarta a Amurka sun toshe aikin kadherin a ƙwaƙwalwar ɓera, sai wannan ƙarin ƙarfi ya ragu.

Shi kuwa Eric Kandel, wanda ya samu lambar Nobel a 2000, ya nuna a jikin wata katantanwar teku cewa ƙwayar jijiya kan janye danƙonta kafin sabbin mahaɗai su tsiro. Ke nan tunani na buƙatar danƙon ya saki a wani lokaci, ya kuma kama a wani.

A nan ne wahalar haɗa magani take. Sinadarin da ke yanko amiloyid shi ne kuma ke yanka kadherin da wasu furotin masu amfani. A 2010, kamfanin Eli Lilly ya dakatar da gwajin wani magani da ke toshe sinadarin, bayan da tunanin waɗanda suka sha shi ya ƙara lalacewa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutane miliyan 57 ne ke fama da mantuwa a 2021, fiye da kashi 60 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfin tattalin arziki. Leqembi kuwa ya shiga kasuwa ne a kan dala 26,500 a shekara.

Don haka ko da an samu maganin da ke kare mahaɗai, tilas ne a gano cutar da wuri kafin su rushe, kuma talaka ya iya sayensa.