Kowace Kalma da Abokiyar Tafiyarta

Ɗalibai da yawa suna haddace kalmomin Turanci ɗai-ɗai daga ƙamus, in an zo rubuta insha'i sai su jera su bisa tsarin Hausa. Mu muna shan magani, Bature kuwa "take medicine" yake cewa. Mu muna cin jarrabawa, shi "pass an exam" yake cewa. "Depend" tana tafiya da "on", amma "discuss" ba ta ɗaukar "about". Rashin sanin haka yana cinye maki a WAEC da NECO. Muna roƙon malamanmu su riƙa koya mana kowace kalma cikin jimla, mu kuma mu keɓe littafin rubuta ta tare da abokiyarta.