Ɗan sandan Anatevka da wa'adin kwana uku

Da na je duba 'yata da ke karatu a Landan, wata rana da yamma ta ce, "Baba, yau ba za ka kwana gaban talabijin ba, na sayo mana tikitin wasan kwaikwayo." Na tambaye ta labarin me za a nuna, ta ce na Yahudawan Rasha ne. Na ɗan yi jim, don na san abin da wannan suna ke tayarwa a zukatanmu a kwanakin nan. Na bi ta dai, don kada kuɗinta su tafi a banza.

Sunan wasan Fiddler on the Roof, wato mai goge a kan rufin ɗaki. An fara nuna shi a birnin New York a 1964, aka mayar da shi fim a 1971. An gina shi a kan labaran Sholem Aleichem, marubucin da ya yi rubutu da Yiddish, harshen Yahudawan Gabashin Turai, ya kuma rasu a New York a 1916. Labarin ya faru ne a 1905, a wani ƙauye na ƙirƙira mai suna Anatevka, cikin yankin da sarakunan Rasha suka keɓe wa Yahudawa tun daga 1791, inda aka hana yawancinsu zama a wajensa har zuwa 1917.

Jigon wasan wani talaka ne mai tallan madara, Tevye, da matarsa Golde da 'ya'yansu mata biyar. Rabin farko na yi ta dariya kamar ina kallon maƙwabtana. Ga mai dalilin aure tana zirga-zirga, ga attajirin mahauci dattijo yana neman babbar 'yar, ita kuwa ranta na wajen tela matalauci da burinsa bai wuce keken ɗinki ba. Ta biyu ta bi ɗalibi mai ra'ayin juyin juya hali har Saiberiya, inda aka kai shi zaman hukunci. Ta uku, Chava, ta auri Kirista ɗan Rasha, uban ya ce daga ranar ba shi ba ita. Duk uban da ya taɓa zama tsakanin al'ada da hawayen 'yarsa ya san Tevye.

Amma wanda ya hana ni barci a daren nan ɗan sandan ƙauyen ne. Ba a nuna shi da fuskar mugu ba. Yana girmama Tevye, suna gaisawa, har ya taya shi murnar baikon 'yarsa. Shi ne kuma ya ja shi gefe ya raɗa masa cewa umarni ya zo daga sama, za a ɗan yi hargitsi, ba yadda ya iya. Ranar biki, ana tsakiyar rawa, ya shigo da mutanensa suka farfasa kaya, suka watse taron. Daga baya shi ne dai ya kawo takardar da ta ba duk Yahudawan ƙauyen kwana uku su sayar da abin da suka mallaka su fice.

Sarkin da ya sa hannu a takardar bai san Tevye ba, bai taɓa shan madararsa ba. Korar jama'a ba ta yiwuwa sai da maƙwabcin da ya san ƙofar kowa, wanda zai ce shi bawan umarni ne, da mai jiran gida ya yi araha ya saya, da mai leƙe ta taga ya yi shiru. A tarihi abin ya fi na dandali muni. A Kishinev, wadda yau ita ce babban birnin Moldova, an kashe Yahudawa 49 a rikicin 1903, 'yan sanda na kallo. Tsakanin 1881 da 1914 Yahudawa kimanin miliyan 2 suka bar daular Rasha, yawancinsu zuwa Amurka.

Na san wani mai karatu zai ce, ina Gaza? Tambaya ce mai hujja, kuma na sha rubutu a kanta a wannan fili. Sai dai Tevye na 1905 ne, shekara 43 kafin a kafa ƙasar Isra'ila. Ba shi da soja, ba shi da ƙasa, dokinsa ma gurgu ne, shi yake jan amalanken da kansa. Idan na hana shi tausayina saboda abin da wasu suka aikata bayansa, na yi irin hukuncin da aka yi masa ke nan: kama mutum da laifin sunan kabilarsa. Zuciyar da ke kuka don dattijuwar da aka kora daga gidanta a Falasɗinu ita ce ya kamata ta gane wannan dattijo.

Mu ma mun san takardar wa'adi. A watan Nuwamban 1969 gwamnatin Busia a Ghana ta ba baƙin da ba su da takardun zama mako biyu su fice, Hausawa da Yarbawa da dama da aka haifa a zangon Kumasi da Akara suka dawo da abin da kai zai iya ɗauka. Duniya rawar 'yan mata: a Janairun 1983 gwamnatin Shagari ta yi wa baƙi irin wannan kora, 'yan Ghana kimanin miliyan ɗaya suka kama hanya. Jakar da suka zuba kayansu har yau da sunansu muke kiranta a kasuwa, muna dariya. A duka lokutan biyu an sami masu sayen kayan maƙwabcinsu a rabin kuɗi, suna yi masa addu'ar sauka lafiya.

A ƙarshen wasan Tevye ya ɗaure kayansa ya nufi Amurka. Tela da matarsa suka nufi Poland, suna ganin sun tsira. Ɗakin ya yi tsit, don duk wanda ke zaune ya san abin da ya auka wa Yahudawan Poland bayan 1939. Chava da mijinta suka zo sallama. Takardar ba ta shafi mijin ba, amma ya ce ba zai iya zama cikin masu aikata irin wannan ba. Shi kaɗai ne a cikin mutanensa ya ƙi yin shiru, kuma shi ne surukin da Tevye ya ƙi ko kallo.

A jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa, muna komawa gida, 'yata ta ce, "Baba, da kai ne ɗan sandan nan, me za ka yi?" Na buɗe baki zan ce da na ajiye aikin, sai na tuna lokutan da aka ci mutuncin baƙo a gabana, na kau da kai don gudun magana. Na ce mata, "Ki yi mini addu'a kada Allah Ya jarrabe ni da takardar." Ta ce amin, muka sauka a tasharmu.

Sai mako mai zuwa, idan Allah Ya kai mu.