Makaranta a Tsakar Gida: Asirin Wa Kullen Korona Ya Tona?

Akwai wata magana da na sha ji a bakin 'yan'uwa ɗalibai, wani lokaci ma har da wasu daga cikin malamanmu, duk sa'ad da hira ta biyo ta kan annobar korona. Cewa ake yi wai zaman kullen 2020 ya tona asirin iyaye Hausawa, domin an mayar musu da 'ya'yansu gida wata shida da ɗoriya, amma suka kasa zaunar da su ko na sa'a guda su yi musu bitar karatu, har yara suka koma makaranta sun manta baƙi da wasali. Rabin maganar nan gaskiya ne, yara sun yi mantuwa. Ɗaya rabin kuwa, watau ɗora wa iyaye laifi, shi ne ban yarda da shi ba, kuma shi ya sa na ɗauki alƙalami. A lokacin ina koyarwa a wata firamare cikin birnin Kano, kafin in shigo wannan sashe, saboda haka ni ganau ne a wannan batu.

Bari mu fara tuna yadda al'amarin ya gudana. Ran 27 ga Fabrairu, 2020 aka tabbatar da mutum na farko mai ɗauke da cutar a Nijeriya, a Legas. Ran 19 ga Maris Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta ba da umurnin rufe makarantu. Kano ta shiga kulle a tsakiyar Afrilu, azumi ya riski mutane a ciki, sa'an nan ran 27 ga watan Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙara tsananta dokar a jihar. Aka rufe Islamiyyu, gwamnonin Arewa kuma suka shiga mayar da almajirai jihohinsu na asali. Sai a Agusta 'yan ajin ƙarshe na sakandare suka koma domin jarrabawar WAEC, sauran yara kuwa galibi sai Oktoba. Abin ya game duniya. Hukumar UNESCO ta ƙiyasta ɗalibai wajen biliyan 1.6 ne rufewar ta shafa, Uganda ma ba ta gama buɗe makarantunta ba sai Janairun 2022.

To, da aka ce iyaye su koyar a gida, me aka ba su? A Ingila, tun cikin Afrilun 2020 BBC ta fara watsa darussa kullum, makarantu kuma suka riƙa aika wa yara aiki ta intanet. Duk da haka iyayen can sun koka ƙwarai. Amma a lura da abu guda: uwar da ke London, in ta buɗe littafin lissafin ɗanta, da harshen da take yi masa faɗa a ciki aka rubuta shi. Ko ba ta iya lissafin ba, ta san abin da ake tambaya.

A unguwarmu kuwa, magidanci da ke fita da safe ya nemo abin da za a ɗora da dare an hana shi fita. Waya guda ce a gida, tana aljihunsa, kuɗin data kuma kuɗin gari ne. Wuta sai ta ga dama. Waɗannan duk sanannu ne, ba zan tsaya a kansu ba, domin ko da an cika mana rumbu an kuma bar mana wuta dare da rana, akwai wani shinge da zai saura, wanda ni kaina ban gan shi sosai ba sai da na mai da tsakar gidanmu aji.

Gidanmu babban gida ne, 'ya'yan yayyena bakwai ne 'yan firamare. Na sami wani tsohon ƙyaure na shafe shi da baƙin batir, na jingina a gindin darbejiya, muka riƙa zama da hantsi. Wata rana ina fama da wani yaro ɗan aji huɗu a kan lissafin kashi-kashi. Ya haddace kalmomin Turancin tsaf, yana rera su kamar waƙa, amma da na ce ya raba ƙuli-ƙuli takwas ya ba ni kashi ɗaya cikin huɗu, sai ido. Na ajiye littafin na koma Hausa, na ce rabi, na ce rubu'i, na ce sulusi. Uwarsa tana gefe tana tankaɗe, sai ta tsaya ta ce, "Malam, ashe abin da yaron nan yake zuwa yana yi mini kuka a kansa ke nan? Ai da an ce mini rubu'i ne, da tuni na gama da shi." Ta ɗauko mudu da gwangwani, kafin azahar yaro ya gane. Matar nan ba ta yi boko ba, amma ita ke riƙe da adashin mata goma sha, ba ta taɓa ɓatar da kwabo ba, ta kuma san tumunin takaba da sudusin uwa a rabon gado. Shekara huɗu ɗanta yana kawo mata littafi tana cewa ya kai wa kawunsa, alhali abin da ke cikin littafin yana cikin kanta.

Wannan shi ne shingen. Kuma hujjar da ta fi ƙarfi a gare ni tana nan cikin gidan. Duk tsawon kullen, karatun allo bai tsaya ko kwana ɗaya ba. Bayan asuba tsohonmu yana biya wa manya, manya su biya wa ƙanana, uwa tana gaban murhu tana sauraron tilawa, in yaro ya yi tuntuɓe ta gyara masa ba tare da ta waiwayo ba. Babu wanda ya aiko da takardar umurni, babu wanda ya biya albashi. Iyayen da aka ce ba su damu da ilmi ba, su ne waɗannan.

Wani zai ce, ai shi ma karatun allo da Larabci ne, ba da Hausa ba. Gaskiya ne. Amma a duba yadda magabata suka yi da shi. Sun raɗa wa haruffa sunayen Hausa, irin su ba guje da ha ƙarami da lam jaye, suka kira matakan koyo babbaƙu da farfaru, suka mai da fassara da bayani cikin Hausa. Watau sun shigo da baƙo har ƙuryar ɗaki, suka ba shi tabarma, shi ya sa bayan ɗaruruwan shekaru ya zama ɗan gida. Boko kuwa, fiye da shekara ɗari da zuwansa ƙasar Hausa, har yanzu a zaure yake tsayawa ya yi sallama da maigida. Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977, wadda ta biyo bayan shirin UPE na 1976, ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankinsa, daga baya a koma Turanci. Mu da muka riƙe alli mun san inda maganar ta tsaya. Baki yana Hausa a aji don dole, littafi da allo da jarrabawa kuwa Turanci ne. Yaro ya koma gida da abin da uwarsa ba ta iya karantawa, ranar da aka rufe makaranta kuma aka juyo aka ce ita ce malama.

Jihohi da dama, har da Kano da Kaduna da Legas, sun sa darussa a rediyo da talbijin, kuma lalle a yaba musu, domin rediyo ita ce na'urar da ta fi shiga gidan talaka. Sai dai rediyo ba ta ganin littafin yaro. Ba ta san ya juya harafi ba, ba ta san ya yi barci ba. Darasin rediyo yana bukatar babba a gefe wanda ya fahimci abin da ake faɗa, mun kuwa koma kan maganar ɗazu.

Kada a ɗauka ina wanke kowa. Na san gidajen da aka ɗora wa yarinya tallar da ba ta sauke ba har aka buɗe makarantu, na kuma san kujerun da suka zama wofi a ajinmu a Oktoba, da muka tambaya aka ce an yi wa masu su aure, ko an kai su koyon sana'a. Wannan asara ce, wasu iyaye kuma suna da hannu a ciki. Haka nan ba na cikin masu cewa gida zai iya maye gurbin makaranta. Ni da nake da takardar koyarwa, kafin wata guda na gaji da 'ya'yan yayyena, su ma sun gaji da ni, domin yaro ba ya jin kunyar kawunsa kamar yadda yake jin ta malamin waje, ga shi kuma yana bukatar sa'o'insa da zai yi gasa da su. Amma kafin makaranta ta nuna wa gida yatsa, ya kamata ta dubi nata. A 2022 Bankin Duniya da UNICEF da wasu hukumomi suka ƙiyasta cewa a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali, kashi 70 cikin ɗari na 'yan shekara goma ba sa iya karanta ɗan gajeren rubutu su fahimta. Kafin annoba adadin kashi 57 ne. Ashe tun ƙofofi suna buɗe, fiye da rabin yaran ba su iya ba.

Abin takaici shi ne mun taɓa sanin hanya. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta horar da jajis suna zagaya ƙauyuka suna karantar da matan aure ta hanyar waƙoƙin Hausa da Fulatanci, abin da aka sani da 'Yan Taru. A shekarun 1950 kuma, zamanin Yaƙi da Jahilci, hukumar NORLA ta cika ƙasar nan da ƙananan littattafai masu araha, magidanta suna koyon karatu da yamma. Dukansu biyu babba suka nufa, suka kuma yi masa magana da harshensa.

A nan ne abin ya zo kanmu, malamai da ɗaliban wannan sashe. Kowace shekara muna rubuta kundaye a kan jigo da salo, suna tafiya ɗakin karatu su kwanta. Ban raina su ba, ni ma ina da nawa a gaba. Amma me zai hana Ƙungiyar Hausa ta haɗa kai da 'yan sashen ilmi da na lissafi, a ɗauki manhajar firamare aji-aji, a rubuta ɗan littafi na uwa, shafi ashirin ko talatin, mai gaya mata da Hausa abin da ɗanta yake koyo a wannan zango da yadda za ta gwada shi da kayan ɗakinta? A buga shi da boko da ajami, domin matan da ke karanta ajami suna da yawa, a kuma karanta shi a rediyo. Kada a ce annoba ta wuce. Daga Disamban 2020 zuwa 2021, bayan satar ɗalibai a Ƙanƙara da Kagara da Jangebe, jihohi sun sake rufe makarantu, wasu na watanni, ba don wata cuta ba.

Ni dai na fara. Ina da shafi goma sha biyu a kan tarawa da ɗebewa da kashi-kashi, matar yayana ce ta duba mini su, ta kuma soke kalmomi uku da ta ce ba a faɗarsu a ko'ina sai a jami'a. Inda na maƙale shi ne darasin siffofi da kusurwoyi, ina kuma zaton amsar tana wurin magina da masu ɗinkin hula. Wanda yake da ɗan'uwa cikinsu, ya neme ni bayan lacca.