Wa Zai Buɗe Bakin Yaran Kadawa?

Ruwan Tiga da ya wadata Kura da Bunkure da shinkafa shi ne kuma yake renon sauro, rani da damina. Zazzaɓin cizon sauro idan ya taɓa ƙwaƙwalwa yakan bar yaro da nauyin baki, kamar yadda sanƙarau ya kurmantar da yara da dama a Kano a 1996.

Gyaran magana fannin ilimi ne mai zaman kansa, har ana yin digiri na biyu a kansa a Jami'ar Ibadan. A ganina ɗalibanmu na kimiyyar halittu ya kamata su nufi can, domin sun san jijiya da maƙogwaro, ga Hausa a bakinsu. Ƙwararren da kunnensa bai rabe "kafa" da "ƙafa" ba, yaya zai gane inda harshen ɗan Bunkure ya sarƙe?